Keke a Ɗaki, Tukunya a Wuta: Jagora ga Matar Aure Mai Sana'a Kan Rage Nauyin Tunani

Saura kwana 9 ƙaramar Salla, a wata shekara da ta wuce, na yanka leshin wata kwastoma da awon wata daban. A lokacin na haura shekara 10 a kan keken ɗinki, saboda haka ba za a ce rashin iya aiki ba ne. Almakashi yana hannuna, amma hankalina ya rabu gida huɗu: tukunyar gas da na ɗaga da asuba na ji ta yi shafal, takardar da malamin Islamiyya ya aiko a sa hannu, maganin tarin autana da na kasa tuna ko an ba shi na rana, da kuma wata baiwar Allah da ta rantse ta turo kuɗi alhali ban ga alat ba. Sai da na shimfiɗa gaban rigar a kan tebur na ga kafaɗar ta gaza da kusan inci 3, sannan jikina ya yi sanyi. Washegari, da azumi a bakina, na shiga Kantin Kwari ina bin layi-layi ina neman irin leshin, na saye shi da kuɗin jarina, kuma duk da haka matar ba ta sake kawo mini ɗinki ba.

Tun daga ranar na fara lura da wani aiki da nake yi dare da rana wanda babu mai ganinsa, ni kaina ban taɓa lissafa shi cikin ayyukana ba, wato riƙe komai a ka. Wanke-wanke yana ƙarewa, ɗinki ma yana ƙarewa, amma tuna cewa sabulu ya kusa ƙarewa, baƙin zare saura ɗaya, ranar Laraba za a kai yaro rigakafi, kuma Hajiya ta ce a leƙa ta kafin Juma'a, wannan ba shi da lokacin tashi. A shekarar 2019 wata mai nazarin zamantakewa a Amurka, Allison Daminger, ta wallafa binciken da ta yi ta hanyar hira da ma'aurata a kan wannan batu, ta kasa aikin kashi huɗu: hango buƙata kafin ta taso, nemo hanyoyin biyanta, zaɓar ɗaya daga cikinsu, sannan bibiya har a tabbatar an yi. Ta gano cewa maza sukan shigo a wurin yanke shawara, amma hangen da bibiyar galibi a kan mata suke faɗawa. Duk matar da ta taɓa jin maigida ya ce "ai da kin faɗa mini da na sayo" ta san wannan magana ba sai an kai ta Amurka ba.

Sana'ar cikin gida ba baƙuwa ba ce a wurin matan Hausawa. Iyayenmu da kakanninmu sun yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sun dama fura, sun yi kitso da dillanci, suna kuma renon 'ya'ya. Sai dai a zamaninsu mai saye yakan zo ƙofar gida ya yi sallama, kuma da an yi sallar isha'i ciniki ya tashi. Yau kasuwa tana cikin waya, wayar kuma tana ƙarƙashin matashin kai. Matakan da ke tafe na gina su ne a kan ɗinki da sayar da atamfa domin su na sani, amma mai cincin da kek, da mai turaren wuta, da mai sayar da kayan kicin, kowa za ta iya juya su zuwa nata.

Mataki na farko: a juye kai a takarda

Ki sayi littafin rubutu guda ɗaya mai kauri, mai bango mai ƙwari, irin wanda 'yan kasuwa suke rubuta bashi a ciki. Na jaddada guda ɗaya ne domin wadda take rubuta awo a bayan kwalin sukari, bashi a cikin waya, cefane a tafin hannu, ta ƙara wa kanta sabon aiki ne na tuna inda ta rubuta kowanne. Tsawon mako guda kada ki sauya komai a tsarin rayuwarki, ki dai rubuta duk abin da ya faɗo miki a rai cewa sai an yi shi, a daidai lokacin da ya faɗo, na gida ne ko na sana'a, komai ƙanƙantarsa. Littafin ya kwana kusa da ke da biro a cikinsa, saboda yawancin waɗannan tunane-tunane sukan zo ne bayan an kashe fitila.

Tun a 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bluma Zeigarnik, ta wallafa binciken da ta yi a Jamus, inda ta nuna cewa mutanen da ta gwada sun fi tuna aikin da aka katse su ba su gama ba a kan wanda suka kammala. Ni dai ina kwatanta abin da yaron da aka aika kanti, yana tafe yana maimaita "gishiri da ashana, gishiri da ashana" don kada ya manta, ba ya jin gaisuwa, ba ya ganin babur. Da zarar ya isar da saƙon sai bakinsa ya huta. Rubutawa ita ce isar da saƙon.

Ranar da mako ya cika, ki zauna ki bi abin da kika rubuta ɗaya bayan ɗaya, ki sa wa kowanne alama a gefe. Akwai wanda sai ke, kamar yankan kaya mai tsada ko shayar da jariri. Akwai wanda wani zai iya ɗauka, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Akwai wanda ya kamata a soke shi kawai, kamar alkawarin koyon sabon salon surfani da kike ta ɗagawa shekara biyu yana cizon zuciyarki. Sai kashi na huɗu, wanda shi ya fi ba ni mamaki da yawansa: tambayoyin da suke dawowa kullum alhali doka ɗaya za ta kashe su. "Me za a dafa yau?" tambaya ce da ake yi sau biyu ko uku a rana, kwana 365. Jadawalin girki na mako, wanda aka manna a bangon kicin, yana rufe ta, kuma babu wanda ya taɓa rama saboda ya san duk Talata shinkafa da wake za a ci. Haka nan dokar da ta ce duk wanda ya buɗe na ƙarshe, sabulu ne ko zare ko man keke, shi zai rubuta shi a shafin saye, tana hana ki zama ma'ajiyar lissafin kowane lungu na gidan.

Mataki na biyu: a raba jaka

A nan zan daɗe, domin kaso mai yawa na rashin barcin mai sana'a daga kuɗi yake fitowa. Matuƙar kuɗin kwastoma da na cefane suna kwana a jaka ɗaya ko asusu ɗaya, to duk lokacin da kika zare dubu biyu sai kin yi lissafi a ka, kina tambayar kanki ko riba kika taɓa, ko jari, ko kuɗin atamfar wata da ba ki sayo ba tukuna. Ki buɗe asusu na biyu wanda babu abin da zai shiga cikinsa sai kuɗin sana'a. Yanzu wannan ba ya buƙatar dogon layi a banki, domin da lambar BVN ko NIN ana buɗe asusun Opay ko Moniepoint da makamantansu daga waya. Idan sana'ar ta fara girma, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC za ta ba ki damar buɗe asusu da sunan sana'ar kanta.

Bayan haka ki yanka wa kanki albashi. A ce ribarki a wata takan kai naira 90,000. Ki tsayar da cewa ranar 1 ga kowane wata za ki ɗauki 50,000 zuwa asusunki na kanki, sauran ya zauna don ƙarin jari, gyaran keke da man janareta. Daga albashin nan za ki yi anko, ki yi gudummawar biki, ki sayi man shafawa, kuma idan ya ƙare, ya ƙare. Adashe ma daga cikinsa zai fito. Adashen da sai kin taɓa kuɗin kwastoma kafin ki yi zubi ya fi ƙarfinki, gara ki nemi wanda zubinsa ya fi ƙanƙanta, ko da kwasar ba za ta burge kowa ba.

Sai batun bashi. Ranar da maigida ya ce "ara mini na cefane, idan na dawo zan ba ki," babu laifi a ara, amma a rubuta. Haka idan ƙanwa ta ɗauki turmin atamfa sai ƙarshen wata. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, har ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ita ce garkuwata duk lokacin da wata ta ga ina rubuta sunanta ta ce, "Haba Yaya, har ni?" Nakan ce mata ba don rashin yarda ba ne, umarni ne, kuma ni mantuwa gare ni. Ga dangi kuwa, ki ware wani adadi a wata wanda idan ya tafi bai dawo ba jarinki ba zai girgiza ba, ki ɗauke shi a zuciyarki tamkar kyauta tun ranar da ya fita. Idan adadin ya cika, amsar duk wanda ya zo bayan haka ita ce a bari sai wata mai zuwa. Wannan ya fi sauƙi a kan auna kowane ɗan'uwa a zuci, wa za a ba, wa za a hana, wa zai yi fushi.

A shari'a ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna kan miji, dukiyar mace kuma tata ce, abin da ta sa a gida kyautatawa ce. Amma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa ba sa tsayuwa da aljihu ɗaya, kuma mata suna cike giɓi ba tare da an zauna an yi magana ba. Shawarata ita ce taimakon ya zama mai suna. Ki ce kin ɗauki kuɗin tara na yara da na ruwa, misali, sauran kuma ya zauna inda yake. Taimakon da ba shi da suna ba shi da iyaka, kuma a ƙarshe ke da maigida duk ba za ku san inda kuɗin sana'ar ya shiga ba.

Mataki na uku: a san iyakar hannu

Yawancinmu muna karɓar aiki ne da ido da kunya, ba da lissafi ba. Ga yadda ake lissafin, da misalin watan azumi tunda a nan ne tela take shiga uku. A ce kina kammala kaya 2 a rana. A azumi ƙarfi yana raguwa, ga girkin buɗa-baki da sahur, ga tafsiri, ga tsayuwar dare a goman ƙarshe, saboda haka kada ki ƙirga wa kanki fiye da kwana 20 na cikakken aiki. Kaya 40 ke nan. Ki cire kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗauke wuta, zazzaɓin yaro, da gyaran kayan da bai zauna a jiki ba, saura 32. Daga cikin 32 ɗin ki fara cire naki da na 'ya'yanki, ki ɗinka su kafin na kowa, domin babu ciwon zuciya irin ki kwana a kan keke daren Salla 'yarki tana tsaye tana kallon yadinta a leda.

Ki ja layi a littafinki, ki sa lamba daga 1 zuwa adadin da ya rage. Kowane kaya ya ci layi ɗaya, da suna, da ranar karɓa, da abin da aka biya. Idan layukan suka cika an rufe, kuma ki tanadi kalmomin da za ki faɗa tun kafin a tambaye ki, domin neman kalma a gaban mutum shi yake sa a ce to. "Hajiya, ki yi haƙuri, layin Salla ya cika. Idan za ki bari sai mako ɗaya bayan Salla, da hannu biyu zan karɓa." Za ta ce guda ɗaya ne fa, za ta ce ai ke ta gida ce. Ki maimaita maganar da murmushi. Wadda aka ba haƙuri ranar 10 ga azumi tana da lokacin neman wata tela, wadda aka ba haƙuri daren Salla kuwa ta zama abokiyar gaba.

Kada almakashi ya taɓa yadi sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗin. Kowane kaya kuma ya shiga ledarsa shi kaɗai, da takardar suna da awo da salon ɗinki a maƙale a jikin yadin da fil. Da na yi haka tun farko, da ban je Kwari neman leshi da azumi ba.

Mataki na huɗu: a sa wa waya ƙofa

Ki ware layi na biyu don sana'a, idan da hali a tsohuwar waya ta daban wadda za a iya rufewa a durowa. Ki sa mata manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce. A cikinta akwai wurin sa lokutan aiki, da saƙon da zai tafi da kansa idan an rubuto miki bayan kin tashi, da amsoshin da ake ajiyewa a tura da taɓawa ɗaya, irin su lambar asusu da kwatancen gida, da wurin jera hotunan kaya da farashinsu, da alamomi masu launi da za ki bambanta wadda ta biya da wadda ake bi bashi. Ki tsayar da lokaci, a ce daga ƙarfe 9 na safe zuwa 6 na yamma, kuma a cikinsa ma ki riƙa duba saƙo sau uku kawai maimakon duk lokacin da wayar ta yi ƙara.

Dokoki biyu za su rage miki gardama. Duk wadda ta aiko saƙon murya mai minti 7 tana bayanin salon hannu da wuya, ki taƙaita abin da kika fahimta a rubuce ki tura mata ta amsa da "haka ne." Sannan kaya ba ya fita sai kin ga kuɗi a cikin asusunki da idonki, domin hoton shaidar biya ba kuɗi ba ne.

Mataki na biyar: a miƙa al'amari ɗungurungum

Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma shi ne wanda idan ba a yi shi ba sauran za su zama gyaran ɗaurin kaya ne kawai, nauyin yana nan a kai ɗaya. Idan kika ce wa maigida "don Allah ka biya ka cika gas," aike kika yi. Ke kika ɗaga tukunyar, ke kika yanke cewa yau za a cika, ke kuma za ki kira shi da la'asar ki tuna masa. Ƙafa kawai ya ba ki aro. Miƙa al'amari shi ne gas ya zama nasa tun daga ɗaga tukunya, da sanin kwana nawa take yi, har zuwa cikawa, ta yadda kalmar gas za ta fita daga littafinki.

Yadda za a buɗe maganar yana da muhimmanci. Kada a yi ta lokacin da ya shigo da gajiyar kasuwa ko ofis, kada kuma a yi ta a tsakiyar faɗa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ɗauko littafin ki buɗe masa shafukan makon nan na farko, ki ce, "Malam, ga abin da nake yawo da shi a kaina kullum, ga kuma ɗinkin mutane. Ka duba ka zaɓi biyu ko uku da za ka ɗauke mini gaba ɗaya." Maza da yawa ba mugunta ce take hana su ba, ba su taɓa ganin jerin a rubuce ba ne, kuma jerin yana yin maganar da ƙorafi ba ya yi. Ki karkatar da shi ga abubuwan da suke kan hanyarsa: duk wata hulɗa da makarantar yara, daga kuɗi har taron iyaye, katin wuta, gas, ranar ganin likitan Hajiya. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida. Ki san wannan don zuciyarki ta natsu cewa ba abin kunya kike nema ba, amma ban ba ki shawarar ki mayar da shi sandar duka ba.

Daga nan sai jarrabawarki ta fara. Wata rana gas zai ƙare tuwo yana kan wuta. Idan kika ce "ai dama na sani," ko kika koma ɗaga tukunyar a ɓoye kina tuna masa, to kin karɓe kayanki. Ki hura gawayi ki ƙarasa girkin, ki sanar da shi cikin ladabi cewa ya ƙare, ki yi shiru. Wanda aka bar wa abu ya ga sakamakon mantuwarsa sau ɗaya ko biyu yakan fara tunawa da kansa. Haka nan ki yarda cewa ba lallai ya yi yadda ke za ki yi ba.

Yara ma suna da kasonsu, maza da mata. Ɗan shekara 8 zai iya shirya jakarsa ta boko da ta Islamiyya tun dare, ɗan shekara 12 zai iya riƙe wankin kayan makaranta da gugarsu, ya kuma faɗa idan safa ta ɓata. Amma a kiyaye abu biyu: kada sana'a ta cinye lokacin karatun yaro da sunan talla ko kai saƙo, kuma kada nauyin da kika sauke ya sauka kacokan a kan babbar 'yarki ta zama uwa ta biyu tun tana aji uku na sakandare. Ga 'yan koyo, a ba kowace sashe nata cikakke, wannan zif da maɓalli da lissafin zare, waccan guga da ninki da sa leda, ta yadda idan zare ya ƙare an san wa za a tambaya.

Akwai gidan da maigida ba ya gari, ko ba zai ɗauki komai ba duk yadda aka lallaɓa. A irin wannan hali ki sayi hutun da kuɗi gwargwadon ƙarfin sana'ar: a ba mai wanki kayan gida, a sami ɗan sahu amintacce guda ɗaya mai kai yara makaranta da kai kaya ga kwastomomi, a sa wannan cikin kuɗin gudanar da sana'a. Wadda kuma take zaune da abokiyar zama tana da wata dama da ba a cika faɗa ba, wato ta ajiye yanka da manyan ɗinkuna a ranakun da ba ita ce da girki ba.

Mataki na shida: a hango shekara

Abubuwan da suke zuwa mana kamar ba-zata yawancinsu sanannu ne. Kuɗin makaranta yana zuwa sau uku, wajen Satumba, Janairu da Afrilu ko Mayu. Azumi da Salloli biyu suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Haya tana da watanta. Zakkar kayan kasuwanci, idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, kashi ɗaya ce cikin 40, saboda haka a tsayar da ranar ƙirga kaya da kuɗi. Ki ware shafi biyu a ƙarshen littafin, ki jera watanni 12, ki zuba waɗannan a ciki tare da abin da za a riƙa ajiyewa duk wata saboda su.

Zumunci ma yana buƙatar doka, in ba haka ba kowace gayyata sai ta zama shari'a a zuci. Tawa ita ce, ta'aziyya da dubiyar mara lafiya ba na jinkirta su, ko ɗinkin wa ke kan keke. Biki kuwa, idan ba na jini ba ne na kusa, taro ɗaya nake halarta daga cikin jerin, anko kuma sai albashina ya ɗauka.

Mataki na bakwai: zaman mako, da ranar da komai ya rushe

Littafin da ba a buɗewa ba ya riƙe wa kowa komai. Ki tsayar da rabin awa a mako, ni daren Alhamis nake yi, ki duba kayan da za a karɓa, bashin da ya kai lokaci, shafin saye, da abin da ke tafe na yara. Ki fitar da abubuwa uku kacal da dole a yi a kowace rana, sauran idan an samu dama. Ki kuma rufe sana'a kwana ɗaya cur, keke a lulluɓe, wayar kasuwa a durowa. Juma'a ta fi sauƙi domin kwastomomi ba sa gardama da ita.

Duk da haka akwai ranar da yaro zai kwana da zazzaɓi a wayi gari a asibiti, ko a yi rasuwa a dangi. Ki shirya mata tun yanzu. Ki ajiye saƙo a waya mai cewa lalura ta taso, kayan da aka yi alkawari za su ƙara kwana kaza, wadda ba za ta iya jira ba ta aiko a ba ta kayanta da kuɗinta. Ki kuma ƙulla yarjejeniya da wata tela da kika yarda da hannunta, ta karɓi na gaggawa idan kin shiga hali, ke ma ki karɓar mata ranar tata.

Akwai kuma gajiyar da ta wuce gyaran jadawali. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar da matsin aiki mai tsawo yake haifarwa da alamomi uku: ƙarewar kuzari, jin an tsani aikin ko an yi nesa da shi a zuci, da raguwar ƙwazo. Idan kuwa kika yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da yake faranta miki a da ya daina, barci ko cin abinci ya rikice, kina kuka ko yi wa yara tsawa ba dalili, musamman a watannin bayan haihuwa, to a haɗa addu'a da ganin likita, kada a tsaya a kan "ki yi haƙuri" kawai. A fara da asibitin da ya fi kusa, a auna hawan jini da yawan jini, a kuma faɗa wa likita maganar zuciyar ƙarara, kada a tsaya a ciwon kai. Idan akwai buƙata zai tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, irin wanda yake Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Idan tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, wannan ba ya jiran mako biyu, ki faɗa wa wani na kusa a ranar ya raka ki. Kafin ki je, ki rubuta a littafinki awa nawa kike barci, yaushe abin ya fara, da magungunan da kike sha, ki tafi da shi, domin a gaban likita ma mantuwa takan kama mutum.